Zafin Adar ne alƙali: Yadda ake gwada ƙananan kwamfutoci kafin a damƙa musu famfon ruwa

A arewacin Adar, daga Takanamat zuwa ƙauyukan da ke kewaye da birnin Tawa a Jamhuriyar Nijar, ruwan sama na 'yan watanni ne, daga Yuni zuwa Satumba, kuma na ƙarƙashin ƙasa yana da zurfi. Shi ya sa idan 'yan bida da ke Abidjan ko Libiya ko Legas suka haɗa kuɗi domin yi wa garinsu aiki, ruwa na cikin abubuwan da suke fara tunawa: a haƙa foraj, wato rijiyar burtsatse, a sa faifan sola, a ɗora shato.

A 'yan shekarun nan wani ɗan ƙaramin abu ya shigo cikin lissafin. Matasa masu karatun lantarki da kwamfuta, a Nijar da Nijeriya, suna haɗa akwatin da ke kunna famfo da kashe shi, ya auna ruwan da ke cikin shato, ya kuma aika wa mai shi saƙo ta salula ko yana wata ƙasa. Zuciyar akwatin wata kwamfuta ce da ba ta wuce tafin hannu ba, kuma kuɗinta bai kai na tunkiya ba.

Arhar ce ke jan hankali, ita ce kuma ke da haɗari. Famfon da aka zura cikin foraj ya ninka wannan kwamfuta kuɗi sau da yawa. Idan ta sandare a lokacin da ruwa ya ja baya a rijiya, famfon zai ci gaba da juyawa a bushe har ya ƙone. Idan kuma ta manta da ban-ruwa kwana biyu a tsakiyar rani, albasar da ke garka ce za ta biya. Domin haka injiniyoyi ba sa damƙa wa irin wannan na'ura aiki sai sun gwada ta, sun kuma rubuta sakamakon da alƙaluma.

An riga an nuna cewa yana yiwuwa

Sarrafa ban-ruwa daga nesa ba baƙon abu ba ne a Nijar. Abdou Maman Kané, masanin kwamfuta ɗan ƙasar wanda ya kafa kamfanin Tech-Innov, ya ƙirƙiro tsarin da ake kira Télé-Irrigation, inda manomi ke buɗe ruwan gonarsa ko ya rufe ta wayar salula, famfon kuma yana aiki da hasken rana. Tsarin ya ci kyautar kamfanin Orange ta masu ƙirƙira a Afirka a 2011. A 2015 kuma ya samu babbar kyautar ruwa ta duniya mai sunan Sarki Hassan na Biyu na Maroko, a taron ruwa na duniya da aka yi a birnin Daegu na Koriya ta Kudu.

Jahar Tawa na daga wuraren da irin wannan fasaha ta fi dacewa da su. A nan Galmi take, garin da sunansa ya bi jar albasar Nijar zuwa kasuwannin Ghana da Kodebuwa. A nan ne akwai filayen noman rani na Birnin Konni da Ibohamane da bakin tabkin Tabalak. Maza da yawa kuma suna barin gida watanni, su bar garka a hannun ƙanne ko mata.

Akwai kuma batun hanya. Tun harin da aka kai yankin Tillia a watan Maris na 2021, wanda ya hallaka mutum 137, zirga-zirga a arewacin jahar ta zama abin lissafi. Mai gyara ba zai taso daga Tawa a duk lokacin da na'ura ta yi gardama ba. Akwatin da aka kafa a irin wannan wuri dole ne ya iya riƙe kansa.

Su wane ne waɗannan ƙananan kwamfutoci?

Iri biyu ne, kuma bambancinsu shi ne tushen maganar.

Na farko cikakkiyar kwamfuta ce a kan ɗan allo guda. Wadda ta fi suna ita ce Raspberry Pi, da aka ƙirƙiro a birnin Kambirij na Ingila, ta fito kasuwa a watan Fabrairun 2012 a kan dala 35, kimanin jika 20 na sefa. Tana aiki da manhajar Linux, ana iya jona mata kyamara da allon kallo da intanet. Samfurin Pi 4 ya fito a 2019, Pi 5 kuma a 2023.

Na biyu su ne ƙananan ƙwaƙwalen lantarki da ke gudanar da umarni ɗaya tak, suna maimaita shi dare da rana. A cikinsu akwai Arduino da aka fara a garin Ivrea na Italiya a 2005, da ESP32 na kamfanin Espressif da ke Shanghai wanda ya fito a 2016, da Raspberry Pi Pico da aka sa wa farashin dala 4 a 2021.

A kan takarda ba a ma haɗa su. Ƙwaƙwalwar Pi 4 gida huɗu ce, kowane gida yana bugawa sau biliyan ɗaya da rabi a sakan guda. Arduino Uno kuwa sau miliyan 16 yake bugawa, ma'adanarsa ta aiki kuma kilobait 2 ce kacal, wadda ko hoto ɗaya na salula ba za ta ɗauka ba. Wanda ya tsaya a nan zai ce Pi ta yi nasara. Sai dai tuƙa famfo ba tseren doki ba ne.

Jinkiri mafi muni ake nema

A manyan cibiyoyin binciken kimiyya na duniya akwai manhajar sarrafa injuna mai suna EPICS, wadda ɗakunan binciken Los Alamos da Argonne na Amurka suka faro a ƙarshen shekarun 1980. Da ita ake lura da dubban ma'aunai da makunnai a lokaci guda, kuma yau ana iya ɗora ta a kan Raspberry Pi. Haka ma OpenPLC, manhajar kyauta da ke mayar da ƙaramar kwamfuta irin na'urar da ke sarrafa injunan masana'antu. Idan masana suka ɗora irin waɗannan manhajoji a kan allo mai arha, tambayoyinsu sanannu ne: ma'auni nawa zai iya karantawa a sakan guda, kashi nawa na ƙarfinsa aikin ke ci, kuma yaya jinkirinsa yake kafin ya amsa umarni.

Tambaya ta ƙarshe ta fi sauran nauyi. Akwai wata ƙaramar manhaja mai suna cyclictest da ake auna wannan jinkiri da ita. Aikinta mai sauƙi ne: takan ce wa kwamfuta ta tashe ta bayan wani ɗan lokaci ƙayyadadde, sai ta duba agogo ta ga ko an makara, ta maimaita hakan sau miliyoyi. A ƙarshe ta fitar da lamba uku, wato jinkiri mafi ƙanƙanta, da matsakaici, da mafi muni.

Injiniyan da ya san aikinsa lamba ta uku yake dubawa. Mai gadin da ya kwana a farke dare 99 amma ya yi barci a daren da ɓarawo ya zo, ba a yaba masa da matsakaicin ƙwazonsa. Haka kuma ba a yin gwajin a kan kwamfutar da ke zaune ba aiki. Sai an ɗora mata kaya, tana rubutu a katin memori, tana aika saƙo, tana lissafi, sannan a ga yadda za ta amsa.

Linux na yau da kullum yakan makara idan aiki ya yi masa yawa, domin yana raba lokacinsa tsakanin ayyuka da dama. An shafe kusan shekara 20 ana gina wani gyara mai suna PREEMPT_RT da ke rage wannan makara, kuma sai a ƙarshen 2024 aka shigar da shi cikin ainihin Linux, a fitowa ta 6.12.

To amma mene ne wannan ke nufi ga shaton Takanamat? A ɗauka famfo yana zuba lita 2 a sakan guda. Idan kwamfuta ta makara da kashi ɗaya cikin dubu na sakan kafin ta kashe shi, ruwan da zai zube bai cika cokalin shayi ba. Idan kuwa ta sandare na awa ɗaya, lita 7,200 ce za ta malale, wato jarka 288 masu cin lita 25. Ga mai foraj, ke nan, makarar ƙiftawar ido ba ita ce damuwa ba. Ayyukan da ke buƙatar irin wannan sauri, kamar daidaita wutar da ke shiga injin famfo daga faifan sola, akwatin da kamfanin famfon ya ƙera ne ke yin su. Abin da ya kamata a auna a Adar shi ne abin da ke sa na'ura ta sandare, kuma abubuwa huɗu ne.

Gwajin zafi

Kamfanin Raspberry Pi ya rubuta cewa Pi 4 an yi ta ne domin aiki a iskar da zafinta ke tsakanin digiri 0 zuwa 50. A Tawa, zafin rana a watannin Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40 a inuwa. Akwatin ƙarfe da aka rufe aka kafe a jikin ƙafar shato, rana na dukan sa tun hantsi, cikinsa ya fi iskar waje zafi nesa ba kusa ba.

Pi tana da dabarar kare kanta. Idan ƙwaƙwalwarta ta kai digiri 80 sai ta fara rage gudu, a digiri 85 kuma ta ƙara ragewa sosai. Wannan na nufin sakamakon da aka samu a ɗakin gwaji mai sanyi a Turai ba zai yi daidai da na ƙarfe biyu na rana a Adar ba. ESP32 da ƙwaƙwalwar Arduino Uno kuwa an ƙera su ne su jure daga digiri 40 ƙasa da sifiri har zuwa 85, kuma su kansu ba sa fitar da zafi mai yawa.

Gwajin ba ya buƙatar kayan tsada. A sa na'urar cikin ainihin akwatin da za ta zauna, a ajiye shi a rana, a ɗora mata aiki, a riƙa rubuta zafinta kowane minti. Pi tana da umarnin vcgencmd da ke faɗin zafin ƙwaƙwalwarta, ya kuma tona ko ta taɓa rage gudu tun da aka kunna ta. Daga nan sai a sake gwajin da akwatin da aka shafa wa farin fenti, sannan da wanda aka yi wa rumfa, a kwatanta.

'Yar fanka tana taimakawa a farko, sai dai ƙurar hunturu kan toshe ta, kuma ranar da ta tsaya babu mai sani. Ƙarfe mai tsaga-tsaga da ake mannawa a kan ƙwaƙwalwar domin ya sha zafi ya fi ta amana, tunda babu abin da ke juyawa a jikinsa. Ƙofofin iska kuma suna son raga, saboda tururuwa da tsaka.

Batir ma yana cikin lissafin. Ƙa'idar da masu aikin sola suka sani ita ce, batir mai ruwa yakan rasa kusan rabin rayuwarsa a duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan digiri 25.

Gwajin ɗaukewar wuta

Mutanen Nijar ba sa buƙatar a ba su labarin yankewar wuta. Kafin watan Agustan 2023 ƙasar na samun kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinta daga Nijeriya, kuma bayan juyin mulkin 26 ga Yuli aka katse layin har zuwa watan Maris na 2024. Jahar Tawa tana da tashar sola ta Malbaza mai megawat 7 da aka buɗe a 2018, amma foraj na ƙauye galibi da faifansa da batirinsa yake dogara. Gajimare ko ƙura ko tsufan batir na iya yanke wuta a kowane lokaci.

Arduino da ESP32 sukan koma bakin aiki cikin sakan ɗaya ko biyu bayan wuta ta dawo. Pi kuwa sai ta ɗauki sakanni masu yawa tana tayar da Linux. A wannan tsakanin, wa ke riƙe da famfo? Dole a tsara makunnin ta yadda idan kwamfuta ba ta magana, famfon a kashe yake.

Matsala ta biyu ita ce katin memori. Pi daga kan kati take aiki, kuma idan wuta ta yanke tana tsakar rubutu, katin na iya lalacewa ta kasa tashi gaba ɗaya. Ana magance wannan ta hanyar kulle katin ya zama na karatu kawai. Hanyar tabbatarwa kuwa ita ce a zare wuta a mayar sau ɗari, a ƙirga sau nawa ta tashi lafiya. Idan 99 ne, aikin bai kammala ba.

Ta uku ita ce agogo. Samfuran da suka gabaci Pi 5 ba su da agogon da ke ci gaba da tafiya idan an kashe su, daga intanet suke tambayar lokaci. Idan wuta ta dawo babu intanet, na'urar za ta ɗauka har yanzu jiya ce, ta yi ban-ruwan asuba da tsakar rana. Ɗan allon agogo mai batirin maɓalli, irin DS3231, yana rufe wannan ƙofa da kuɗi kaɗan.

Akwai kuma faɗuwar ƙarfin wuta. Pi tana son bolt 5, kuma takan fara gargaɗi idan ya sauka ƙasa da 4.63. Allon SIM800L da matasa ke yawan amfani da shi wajen aika saƙo yakan fizgi wuta har amfiya 2 a daidai lokacin da yake neman eriya. Idan waya siririya ce ko cajar jabu ce, wannan fizga kaɗai ta isa ta kashe kwamfutar ta sake tashi. A ƙauyen da sabis ke da rauni, allon ya fi yin wannan fizga.

Cin wuta ma abin aunawa ne. Pi 4 tana shan kusan wat 3 ko da ba ta aikin komai, wanda a dare mai awa 12 ya zama nauyi a kan ƙaramin batir. ESP32 bai kai wat 1 ba yana aiki, kuma yana iya yin barci tsakanin awo da awo.

Gwajin dogon zango

Wasu kurakuran ba sa fitowa a rana ɗaya. Arduino yana ƙirga lokaci da wata lamba da ke ƙaruwa sau dubu a kowane sakan. Ma'adanar lambar tana da iyaka, kuma bayan kwana 49 da 'yan awoyi sai ta cika ta koma sifiri. Idan wanda ya rubuta manhajar bai yi tanadin wannan rana ba, lissafin lokacin ban-ruwa zai rikice. Akwatin da aka kunna ranar 1 ga Disamba zai kai wannan gaɓa wajen 19 ga Janairu, albasa tana tsakiyar girma.

Ba ƙananan masu haɗa na'ura kaɗai irin wannan ke kamawa ba. A 2015 hukumar kula da jiragen sama ta Amurka ta yi gargaɗin cewa jirgin Boeing 787 na iya rasa wutar janaretocinsa idan aka bar na'urorin da ke sarrafa su a kunne kwana 248 a jere, saboda wata lambar ƙirga da ke cika.

Ba sai an jira kwana 49 kafin a gano ba. Mai gwaji yakan tura lambar kusa da iyakarta da gangan, ya zauna ya ga abin da zai faru cikin 'yan mintoci. Duk da haka, barin akwati yana aiki makonni a jere kafin a kai shi ƙauye yana tona wasu matsalolin, kamar ma'adanar da ke cika sannu a hankali.

Kariya ta ƙarshe ita ce abin da za a iya kira mai gadi, wani ɗan agogo da ke cikin ƙwaƙwalwar Pi da ESP32 da Arduino. Manhaja takan taɓa shi a kai a kai domin ta nuna tana raye. Idan ta yi shiru, sai ya kashe na'urar ya sake kunna ta. Yana nan a ciki kyauta, amma sai an tashe shi, kuma sai an sandarar da manhajar da gangan kafin a tabbatar yana aiki.

Idan sabis ya ɗauke

Gwaji na huɗu shi ne a zare katin waya a ga abin da akwatin zai yi. Tsarin da ke jiran umarni daga Abidjan kafin ya kashe famfo bai dace da arewacin Adar ba. Shawarar kashewa idan shato ya cika, ko idan rijiya ta ja baya, a wurin ya kamata a yanke ta. Saƙon salula na ba da rahoto ne da karɓar sabon jadawali.

Shi ya sa ƙwararru ke raba aikin gida biyu. Ko ɗan jirgi mai saukar ungulu na Ingenuity, wanda hukumar NASA ta tayar a duniyar Mars sau 72 daga Afrilun 2021 zuwa Janairun 2024, haka aka gina shi. Ƙwaƙwalwar salula ce mai Linux ke duba hotuna tana lissafin hanya, amma riƙe jirgin a iska aikin wasu ƙananan ƙwaƙwale ne masu sauƙi da ba sa makara. A foraj ma haka: ƙaramin allo ya riƙe famfo, Pi kuma, idan har ana buƙatar ta, ta riƙe hotuna da rahoto. A bayansu duka a sa makunni mai tasowa da ruwa, wanda ba ya buƙatar manhaja ko kaɗan.

Abin da mai aiko kuɗi zai tambaya

Babu ɗaya daga cikin gwaje-gwajen nan da ya fi ƙarfin ɗalibi. Ma'aunin zafi, ma'aunin wuta, littafin rubutu da haƙuri su ne jarin. Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, wadda aka kafa a 2010 kuma take ɗauke da sunan masanin da ya rubuta tarihin Adar, tana zaune a cikin yanayin da kamfanonin ƙetare ke kashe kuɗi su kwaikwaya a ɗakin gwaji. Alƙaluman da aka tattara a rana irin ta Tawa za su yi wa Agadas da Sakkwato da Maiduguri amfani.

Ga ɗan bida da zai tura kuɗi ta Nita ko Al Izza domin a sa wa foraj ɗin garinsu irin wannan akwati, sayen na'urar da ba a gwada ba cinikin biri a sama ne. Ba sai ya iya lantarki ba kafin ya yi tambayoyi biyar. Digiri nawa cikin akwatin ya kai da rana tsaka? Sau nawa aka zare wuta aka mayar, kuma sau nawa ya tashi? Kwana nawa ya yi yana aiki a jere ba a taɓa shi ba? Me famfo zai yi idan kwamfuta ta mutu ko sabis ya ɗauke? Wa zai gyara, kuma akwai allo na biyu a ajiye a garin?

Mai haɗa na'urar da ya yi gwajinsa zai amsa da lambobi, ya nuna takardar da ya rubuta su. Lokacin da ya fi dacewa da gwajin kuwa shi ne Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ya kai ƙarshe. Akwatin da ya tsallake waɗannan watanni biyu yana da sauran damina gaba ɗaya a gyara abin da aka gano, kafin a fara dashen albasa a ƙarshen shekara.